Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dillalan Gidajen Haya na Ingila Kan Lalacewar Makulli da Tsadar Gyara

Ya ku dillalan gidajen haya da shugabannin ƙungiyoyinku,

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni ƙaramin mai gidan haya ne a arewacin Ingila, cikin waɗanda ba su da kamfani ba su da ma'aikata, sai ɗan gidan da suka yi gumi suka saya, suka damƙa wa ɗayanku amanarsa. Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne domin 'yan'uwana mazauna ƙasar nan, masu gida da 'yan haya, su ga abin da nake nema a wurinku, wanda ya gamsu kuma ya nema tare da ni.

Magana ce a kan makullin ƙofa. Famfo mai ɗiga zai iya jiran mako mai zuwa, fentin da ya koɗe zai iya jiran bazara. Ƙofar waje da ta ƙi kulluwa kuwa ba ta jira, domin akwai mutumin da zai kwana a bayanta yau. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, wannan gyara da ya fi kowanne gaggawa shi ne ya fi yawan maƙalewa tsakanin mai gida da dillali, kuma abin da ke maƙale shi ba wuyar aikin ba ce. Takardar ƙiyasin kuɗin da kuke aiko mana ce.

Kun san yadda abin yake tafiya. Ɗan haya ya dawo daga aiki, ya ɗaga hannun ƙofa zai murɗa mabuɗi, mabuɗi ya ƙi juyawa. Ya kira ofishinku ko ya shigar da ƙorafi a manhajarku. Washegari saƙo ya iso wa mai gida, layi ɗaya tak: a canza makullin ƙofar gaba, kuɗi kaza, danna nan ka amince. Babu hoto. Ba a faɗi abin da ya lalace ba. Ba a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki ba, ba a ma faɗi sunan wanda zai yi aikin ba. Mai gida ya dubi adadin, ya shiga intanet ya ga ana sayar da irin wannan makulli a kan 'yan famafamai, sai zuciyarsa ta ce masa ana neman cutarsa. Ya amsa da cewa a nemo masa ƙiyasi na biyu. Ma'aikacinku yana da gidaje barkatai a wuyansa, saƙon ya kwana bai gani ba. Ƙiyasi na biyu ya zo daga wani ɗan kwangilar da ke cikin jerinku, kusan daidai da na farko. Mai gida ya ce bari ya turo nasa mutumin, ku ce sai ya kawo takardar inshora tukuna. Duk wannan kai-komo, matar da ke cikin gidan tana jawo kujera ta tokare hannun ƙofa kafin ta kwanta, da safe kuma ta rasa yadda za ta tafi aiki ta bar gida a buɗe. Ba ta ga ƙiyasin ba, ba ta san ana ja-in-ja a kansa ba. Abin da ta sani kawai shi ne ta kai kuka ba a share mata hawaye ba.

Kada a ɗauka ina neman hanyar da mu masu gida za mu kauce wa nauyin da ke kanmu. Nauyin namu ne, doka ma ta faɗa. Sashe na 11 na Dokar Mai Gida da Ɗan Haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran ginin gida da bayansa, ƙofofin waje da tagogi kuma suna ciki, kuma babu wata yarjejeniyar haya da za ta iya sauke masa wannan nauyi ta ɗora wa ɗan haya. Tsarin auna lafiya da tsaron gidaje da ya fito daga Dokar Gidaje ta 2004, wanda aka fara aiki da shi a 2006 da jerin haɗurra 29, ya sa shigowar ɓarayi a cikin jerin, ƙaramar hukuma kuma tana da ikon tilasta wa mai gida ya gyara. Tun daga watan Maris na 2019, dokar dacewar gida da zaman ɗan Adam ta ba ɗan haya damar kai mai gida kotu da kansa ba sai ya jira ƙaramar hukuma ba. Wani abin da ya kamata ku riƙa tunawa shi ne, da zarar ɗan haya ya sanar da ku, galibi tamkar ya sanar da mai gida ne. Lokaci ya fara tafiya a kanmu tun ba mu da labari. Idan aka shiga gidan aka yi sata a tsakanin, sunan mai gida ne za a rubuta a takardar ƙara. Saboda haka ba mu da wata riba a jinkiri. Abin da ke sa mu tsaya shi ne ba mu san abin da ake cewa mu biya ba.

Bari in ɗan tsaya a kan ƙofar kanta, domin a nan ne kuɗi ke ɓuya. "Makulli ya lalace" magana ce da ke iya nufin abubuwa da yawa, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu babba ce.

Gidajen haya da yawa a yau ƙofofin uPVC ne da su, wato na roba mai tauri, ko na haɗin roba da katako. Irin wannan ƙofa tana da doguwar sandar ƙarfe a gefenta daga sama har ƙasa, ɗauke da ƙugiyoyi da sakatu, idan an ɗaga hannun ƙofa sai su shige ramukansu a jikin firam. A tsakiyar sandar akwai ɗan akwatin giya da ke motsa su duka. A jikin akwatin ne ake zura silinda, wato ɗan guntun ƙarfen da mabuɗi ke shiga. Abu uku ke nan daban-daban, ga kuma hinjin ƙofa na huɗu. Sau da yawa ma babu abin da ya karye. Ƙyauren ne ya ɗan sauka saboda nauyi da shekaru, ko ya kumbura da zafin rana, ƙugiyoyi suka daina dacewa da ramukansu. Gwajin ba shi da wuya: a buɗe ƙofar, a ɗaga hannun, a murɗa mabuɗi. Idan ya kullu lafiya ƙofa na buɗe amma ya ƙi idan an rufe ta, makulli lafiyarsa lau, hinji da ramukan firam za a daidaita. Idan kuwa aka bar ta a haka ɗan haya yana ta danna hannun da ƙarfi kullum, wata rana haƙorin giya zai karye, ƙaramin gyara ya zama babba. Ko a nan ma, a ƙofofi da yawa ana iya canza akwatin giya kaɗai ba tare da an taɓa doguwar sandar ba.

Na taɓa samun irin wannan ƙiyasi mai layi ɗaya, an rubuta za a canza makulli gaba ɗaya. Na nemi izinin ɗan hayar, na je da wani dattijo mai gyaran makulli da na sani. Ya buɗe ƙofar ya ɗaga hannun, komai ya fito sumul. Ya zura mabuɗi ya ji yana cijewa, ya ce silinda ce ta ci. Ya sunkuya ya kwance sukuru guda ɗaya a gefen ƙyauren, ƙasa da sakata, ya ɗan karkata mabuɗin, silindar ta zamo ta faɗo a tafin hannunsa. Ya ɗauko abin awo ya auna ta daga ramin sukurun zuwa kowane ɓangare, domin ɓangaren waje da na ciki ba lallai tsawonsu ya zo ɗaya ba, kuma idan ta leƙo waje da yawa ɓarawo zai samu abin kamawa ya ɓalle ta. Ya je mota ya ɗauko sabuwa mai tauraro uku, alamar ƙarfin jure ɓarayi, ya zura, ya ɗaure, ya gwada a buɗe, ya gwada a rufe, ya miƙa wa ɗan hayar mabuɗai. Kafin ruwan shayin da aka ɗora mana ya huce ya gama. Ya rubuta mini rasit: kuɗin silinda daban, kuɗin zuwansa daban. Abin da na biya bai kai rabin abin da aka rubuto mini ba, kuma kayan da ya sa sun fi ƙarfin waɗanda ya cire.

Ban kawo wannan don in ce kowane gyaran makulli haka yake da sauƙi ba. Akwai ƙofar da giyarta ke karyewa tana kulle, sai gwani ya sha wahala kafin ya buɗe ta ba tare da ya ɓata firam ba. Akwai tsofaffin sanduna da aka daina ƙerawa, sai an nemo wadda za ta dace an sake huda ramuka. Tsohuwar ƙofar katako mai kuba ta cikin jiki tana buƙatar hannun kafinta. Wanda aka taso daga barci ƙarfe biyun dare ya tuƙo mota cikin sanyi ya cancanci ladansa, babu mai hankalin da zai yi musu. Na kuma san dalilin da ya sa kuke son 'yan kwangilarku: suna da inshora, suna ɗaukar waya, suna haƙurin jiran biya, idan aiki ya ɓaci kun san inda za ku same su. A nan Birtaniya babu lasisin gwamnati na gyaran makulli, kowa zai iya manna suna a jikin mota ya fara, shi ya sa tantancewa irin ta ƙungiyar ƙwararrun masu makulli ta MLA, wadda ke nan tun 1958, take da daraja. Duk na yarda. Amma idan aikin mai wuya ne, me zai hana a faɗa? Hoto ɗaya da jimla biyu sun isa su nuna mini cewa giya ce ta karye ba silinda ba. Wanda yake da gaskiya a farashinsa, bayani ba ya rage masa komai.

Abin da muke zargi, kuma gara in faɗe shi ƙarara, shi ne hannaye sun yi yawa a kan kuɗin. Dillali ya miƙa aikin ga kamfanin kula da gyare-gyare, kamfanin ya miƙa wa wani ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma wani lokaci ya turo yaronsa. Kowa ya ɗora nasa. A samansa harajin VAT na kashi 20 cikin 100 ya hau. Wasu dillalan suna ƙara kaso a kan kowane gyara da sunan kuɗin shirya aiki. Wasu kuma ɗan kwangilar ne yake mayar musu da la'ada a bayan fage domin su ci gaba da ba shi aiki, shi kuwa ba daga aljihunsa zai fitar ba, a cikin farashin da aka rubuto mana zai cusa ta. Alhali kowane wata kuna cire kasonku daga kuɗin haya, sau da yawa kashi 10 zuwa 15 cikin 100, da sunan kula da gida. Idan kiran mai gyaran makulli ba ya cikin kula da gida, to mene ne a ciki?

Ba haramun ba ne ku ci riba. Ɓoyewar ce matsala. Dillali wakili ne, wakili kuma amintacce ne a idon dokar Ingila, ba ya halatta ya ci wata riba ta ɓoye daga aikin wanda ya wakilta shi. A 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a wata shari'a da ta shafi cinikin wani babban otal a Monte Carlo, inda wakilin masu saye ya karɓi la'adar Yuro miliyan 10 daga masu sayarwa ba tare da cikakken sanin waɗanda ya wakilta ba. Kotu ta ce irin wannan kuɗi ba na wakili ba ne, riƙo ne yake yi wa wanda ya aike shi. Ƙa'idar ba ta sauya don kuɗin sun ragu daga miliyoyi zuwa fam 30 a kan gyaran ƙofa. Dokar Haƙƙin Mai Saye ta 2015 ita ma ta wajabta muku bayyana kuɗaɗen da kuke caji a ofishinku da shafinku na intanet. Wasunku za su ce ai an rubuta a yarjejeniya. Haka ne, a shafi na goma sha wani abu, da ƙananan haruffa, "mai yiwuwa mu karɓi la'ada daga 'yan kwangila". Nawa? A kan wane aiki? Wannan jimla ta kare ku a gaban mai sasanci, amma ba ta gaya wa mai gida komai ba a ranar da yake duban ƙiyasi yana tunanin ko ya amince.

Ku dubi abin da Dokar Kuɗaɗen 'Yan Haya ta 2019 ta tanada. Tun 1 ga Yuni na 2019 an hana ku cajin 'yan haya yawancin kuɗaɗen da aka saba, amma an bar ƙofa ɗaya: idan ɗan haya ya ɓatar da mabuɗi, ana iya karɓar kuɗin maye gurbinsa, da sharaɗin kuɗin ya zama daidai gwargwado, wanda aka kashe da gaske, kuma a nuna shaida a rubuce. Wannan tanadi ya yi kyau, na kuma goyi bayansa. To ga shi kun riga kun iya. Idan za ku iya nuna wa ɗan haya rasit a kan mabuɗi, za ku iya nuna wa mai gida rasit a kan makulli. Abin da na lura da shi, ni da wasu da muke tattaunawa, shi ne tun da aka toshe hanyar cajin 'yan haya, wasu ofisoshin sun juyo kan gyare-gyare suna cike giɓi. Idan kuɗin kula da gida bai ishe ku ba, ku zo mu zauna ku ce za ku ƙara, mu yarda ko mu nemi wani. Wannan ciniki ne na mutunci. Cusa shi a cikin kuɗin ƙofar da ta lalace, a daidai lokacin da kuka san ba mu da damar tsayawa ciniki, shi ne abin da ke ɓata tsakaninmu.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu gida da ko ƙiyasin gaskiya aka kawo musu sai sun ja, su kashe waya, su bar ku da ɗan haya yana zazzaga muku faɗa. Akwai masu zuwa shago su sayo silinda mafi araha, wadda ɓarawo zai ɓalle cikin ɗan lokaci kaɗan, alhali ga masu tambarin TS007 mai tauraro uku da aka ƙera don jure wannan. Akwai wanda zai cire kubar da ta cika ma'aunin BS3621 daga ƙofar katako ya sa ta banza, bai duba ba ko inshorar gidan, ko ta kayan ɗan hayar, ta shardanta irin wannan kuba, sai an yi sata kamfani ya ƙi biya. A gidajen da mutane da yawa ke haya ɗaki-ɗaki, ƙofar fita tana buƙatar makullin da ake buɗewa daga ciki da ɗan yatsa ba sai da mabuɗi ba, saboda ranar gobara babu mai neman mabuɗi cikin hayaƙi, amma za ka ga mai gida ya sa na mabuɗi ciki da waje don shi ya samu a hannu. Wani ya faɗo gidan da akwatin kayan aiki ba sallama, ya manta cewa doka ta ce a ba ɗan haya sanarwar sa'o'i 24 a rubuce kafin a shigo duba gida, sai in gaggawa ce ko shi ya yarda. Mafi muni shi ne wanda zai fake da gyara ya canza makulli ya hana ɗan haya mabuɗi saboda bashin haya. Wannan laifi ne a ƙarƙashin Dokar Kariya Daga Kora ta 1977, yana iya kai mutum gidan yari, kuma duk dillalin da aka nemi ya taimaka a yi haka wajibinsa ne ya ƙi. A duk waɗannan wurare muna buƙatarku, domin kun fi yawancinmu sanin doka. Sai dai shawararku ba ta shiga kunnen wanda yake zargin kuna da kaso a ciki. Ranar da kuka ce wa mai gida lallai sai an sa makulli mai tsada saboda inshora, kuma gaskiya kuka faɗa, zai tuna ƙiyasin bara ya ƙi.

Sai maganar wanda zai biya, wadda ita ma kan tsayar da aiki ba gaira ba dalili. Idan makulli ya tsufa ya ci, na mai gida ne. Idan ɗan haya ya ɓatar da mabuɗi, ko ya kulle kansa a waje ya sa ƙafa ya ɓalle ƙofa, nasa ne. Tun farkon shekarun 1950, a shari'ar Warren da Keen, alƙali Denning ya bayyana cewa ɗan haya zai yi ƙananan hidimomin gida irin waɗanda mai hankali zai yi, amma abin da tsufa da yau da gobe suka lalata ba nasa ba ne. Idan ɓarayi ne suka fasa, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi lambar rahoto, mai gida ya gyara, ya bi inshora daga baya. A kowane hali dai, tantance mai laifi aikin gobe ne. Na ga inda aka bar ƙofa a lalace ana musayar saƙonni a kan ko ɗan haya ne ya matsa wa hannun. A gyara tukuna, a ajiye tsohon makullin a jaka, a ɗauki hotonsa, mai gyaran ya rubuta abin da ya gani. Da wannan za a raba gardama cikin ruwan sanyi, ko a gaban hukumar da ke riƙe da kuɗin ajiyar ɗan haya idan ta kai ga haka.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, kuma babu wanda ke buƙatar sabuwar doka. Ku raba gaggawa da gyara. Idan ƙofar waje ba ta kulluwa, ku tura a tsare gidan a ranar, ko da da makullin wucin gadi ne, a kan iyakar kuɗin da muka amince da ita tun ranar da muka sa hannu a yarjejeniya. Tun ran gini ran zane. Yawancin yarjejeniyoyinku suna da wannan iyaka, amma ana rubuta ta ne a dunƙule, babu wanda ya zauna da mai gida ya ce masa: idan ƙofa ta lalace da dare, har nawa ka yarda mu kashe ba tare da mun tashe ka ba, kuma wa kake so mu fara kira? Ku ba mu damar ba ku sunan mai gyaran da muka yarda da shi tun da wuri, ku karɓi takardun inshorarsa ku ajiye a fayil, domin kada a zo ana neman su ranar da ake cikin matsi. Idan ya ƙi ɗaukar waya, ku kira naku, ba za mu yi ƙorafi ba.

Idan an tsare gida, sai a zo maganar gyaran dindindin, a nan ne nake son ƙiyasi ya zama ƙiyasi. A faɗi abin da ya lalace, a haɗa da hoto. A rubuta sunan kayan da za a sa da ma'auninsu, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, haraji daban. A faɗi ko an gwada daidaita ƙofar kafin a yanke cewa sai an canza. A ƙasa kuma a ƙara layi ɗaya: abin da ofishinmu zai samu a kan wannan aiki shi ne kaza, ko kuma ba mu da komai a ciki. Bayan an gama, ku turo mana ainihin takardar kuɗin da mai gyaran ya rubuta, ba wadda aka sake bugawa da tambarinku ba. Ɗan hayar kuma a riƙa gaya masa inda aka kwana, yaushe za a zo, wa zai zo, mabuɗai nawa zai karɓa. Idan kuna zagayen duba gidaje, ku ɗaga hannun ƙofar ku ji. Ƙofar da ta fara cijewa tana ba da sanarwa watanni kafin ta karye, daidaita ta kuma aikin 'yan mintoci ne.

Ga shugabannin Propertymark, ƙungiyar dillalan gidaje, da masu kula da tsare-tsaren sasanta ƙorafi, waɗanda tun watan Oktoba na 2014 doka ta tilasta wa kowane dillalin haya a Ingila shiga ɗaya daga cikinsu: ku ne kuke rubuta ƙa'idojin aiki, ku ne kuke horar da ma'aikata. Bayyana la'ada a dunƙule bai wadatar ba, ku mayar da shi bayyanawa a kan kowane aiki, da adadi. A Sukotlan tun 2018 dillalan haya suke da rajista ta dole da kundin ƙa'idoji mai ƙarfin doka, Wales ma tana da nata tsarin lasisi. A Ingila kwamitin da Lord Best ya jagoranta ya ba da shawara tun 2019 a kafa hukumar da za ta sa ido kan dillalan gidaje, a kuma wajabta musu takardar ƙwarewa, shekaru suka shuɗe ana jira. Ba sai kun jira majalisa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma nagartattun cikinku, waɗanda na san suna da yawa, su ne za su fi kowa amfana idan mai gida ya iya bambance su da sauran tun daga takardar ƙiyasi.

Ni dai daga yanzu duk yarjejeniyar da zan sabunta, zan nemi a rubuta waɗannan abubuwa a cikinta: iyakar kuɗin gaggawa, sunan mai gyarana, tsare ƙofa a ranar da aka kai ƙorafi, da bayyana kason ofis a kan kowane gyara. Ina kira ga sauran masu gida su nemi haka, 'yan haya kuma su riƙa kai ƙorafin makulli a rubuce, da hoto da kwanan wata, su ajiye kwafi. Dillalin da ya amince da waɗannan sharuɗɗa zan ci gaba da aiki da shi, zan kuma turo masa wasu.

Na gode da kuka karanta. Ina sauraron amsarku.

Naku,
Wani mai gidan haya a arewacin Ingila